Muryar da Biriskila Ta Haɗa wa Albert

A layinsu na Sabon Gari, ta ɓangaren da ya dangana da Fagge, Malama kowa yake ce wa Biriskila, saboda shekarun da ta kwashe tana koyar da 'yan firamare. Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya kamar kullum ta makara, kuma ba a cika jin "wataƙila" a bakinta ba. In ta ce abu zai yi, to ta riga ta gama juya shi a ranta.

A Wusasa aka haife ta, kusa da Zariya, a gidan Kiristoci da suka daɗe a wurin. Mahaifinta malamin makaranta ne, da damina kuma manomi. Yana da wata rediyo da ba a yarda yaro ya taɓa ba, sai wata rana ta daina magana. Biriskila tana ƙaramar yarinya ta jira ya tafi gona, ta kwance bayan rediyon da bakin wuƙar yanka kuɓewa, ta ga wata 'yar waya ta zame daga mazaunin batir, ta murɗa ta ta mayar. Rediyo ta tashi. Da uban ya dawo sai da ya yi mata faɗa tukuna, sannan ya zauna ya saurari labarai. A zamanin ba mai kai 'ya mace koyon gyaran rediyo, don haka ta tafi kwalejin horon malamai kamar yayyenta.

Aure ne ya kawo ta Kano. Mijinta Albert mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, suka zo da akwatuna biyu suka zauna, har suka tsufa a nan. Albert mutum ne mai baki. Kafin jirgi ya isa tasha ta gaba ya san sunan rabin mutanen tarago da abin da zai kai su inda za su. Da ya yi ritaya bai rage ba, sai ya fito da kujera ƙofar gida ya ci gaba. Mai kayan miya, mai a daidaita sahu, matan da suke dawowa daga coci, ba wanda yake wucewa bai sha tsokana ba. Da la'asar kuma abokinsa Goni yake zuwa, wani dattijo ɗan asalin Borno mai sayar da shinkafa da fulawa a Kasuwar Singa. Su shimfiɗa allon dara, su yi ta musu har a kira magariba, Goni ya tashi ya tafi masallaci yana waiwaye yana ƙarasa maganarsa.

Ita kuwa Biriskila ritaya ba ta karɓe ta ba da farko. Ta gwada kiwon kaji, ta gwada ɗinki, duk ba su riƙe ta ba. Abin da ya riƙe ta tankin ruwan gidansu ne. Duk sa'ad da aka kunna injin tura ruwa sai a manta, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har tsakar gida ta zama kududdufi. 'Yarsu Comfort, wadda take aikin jinya a Kaduna, ta bar mata tsohuwar kwamfuta da waya mai intanet. Wata rana Biriskila ta nemi yadda ake hana tanki ambaliya, sai ta faɗa kan bidiyon wani mutum riƙe da ɗan allo kore wanda bai kai tafin hannu ba. Arduino ake kiransa. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da mutum yake rubuta mata umarni a kwamfuta, ya tura mata ta waya, ta riƙa bin umarnin ita kaɗai: in ruwa ya kai nan, kashe inji. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne masu haɗa irin waɗannan abubuwa ba sa ɓoye komai. Zanen wayoyin da umarnin duka suna zube a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama.

Washegari ta shiga layin masu kayan lantarki a Sabon Gari tana nuna hoton allon shago shago, har aka kwatanta mata shagon Chinenye. Chinenye a Sabon Gari aka haife ta, ta gaji shagon daga mahaifinta, Hausarta kuwa ba ta da maraba da ta 'yan Fagge. Ta dubi hoton, ta dubi dattijuwar da take riƙe da wayar.

"Mama, wa ya aiko ki? Ya faɗa miki wane iri yake so?"

"Ni na aiko kaina," in ji Biriskila. "Ki ba ni wannan, ki ba ni duk abin da ake buƙata a fara, ki kuma nuna min yadda ake narka dalma."

Allon farko ta ƙona shi a makon da ta saye shi, don ta juya wayoyin batir. Ta koma ta karɓo wani. Ta ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma fiye da sau ɗaya, ta yi ta fama da umarnin da waƙafi guda in ya ɓace komai ya tsaya. Amma mace ce da ta saba gyara rubutun yara, idonta ya san inda kuskure yake ɓoya. Kafin damina ta wuce tanki ya daina ambaliya. Daga nan ta haɗa fitilar da take kunna kanta in an ɗauke wuta, ta haɗa wata fanka da take juyawa in ɗakin kaji ya yi zafi. Ɗakin da Comfort ta bari ya koma wurin aiki, tebur cike da gwangwanayen madara, kowanne da irin tarkacen da yake ciki. Albert ya samu sabon abin tsokana. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa ya yi hankali da kujera, don Malama tana iya sa mata batir.

Ana nan haka, wata safiya Albert yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa. Biriskila ta juyo ta ga bakinsa ya karkace, yana kallonta yana son magana ba ta fita. Ba ta tsaya kuka ba. Ta fita ta tare a daidaita sahu, maƙwabta suka kama mata shi, suka nufi asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da sun makara da abin ya fi haka.

Ya dawo gida da rai, amma ba yadda ya fita ba. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama yana jan ta. Hankalinsa kuwa yana nan daram, duk abin da aka faɗa yana ganewa. Kalmomin ne suka ƙi fitowa. Ya buɗe baki ya yi ta ƙoƙari, abin da yake fita kawai "to" ne, ko da a'a yake nufi. Masu zuwa dubiya suka riƙa magana ta saman kansa.

"Ya jikin nasa? Yana cin abinci kuwa?"

"Ga shi nan a gabanku," Biriskila takan ce. "Ku tambaye shi, yana jin ku."

Su tambaye shi, ya ce "to," su tashi. A hankali ya daina yarda a fito masa da kujera ƙofar gida. Goni bai fasa zuwa ba, sai dai darar ta koma cikin zaure, kuma ta zama ta kurame. Albert yana iya motsa 'ya'yan dara da hannun hagu, amma ba mai musu da kowa. Wasa ɗaya Goni yake yi ya ce yana da uzuri a kasuwa.

Biriskila ta duba lamarin yadda ta duba na tanki. Ta samu a intanet cewa akwai wani ɗan ƙaramin allo da yake karanta memori irin ta waya ya fitar da sauti, kuma Arduino yana iya ba shi umarnin wane sauti zai saki in an danna wane maɓalli. Chinenye ba ta da shi, amma ta sa aka kawo mata daga Legas. Biriskila ta cire sifika daga wata tsohuwar rediyo, ta huda murfin robar abinci, ta jera manyan maɓallai masu launi daban-daban, tunda karatu ma ya yi wa Albert wuya. Sannan ta rufe ƙofa ta naɗi muryarta a waya. Ina son ruwa. Ina jin yunwa. Zan kewaya. Ina jin ciwo. Zan kwanta. Eh. A'a. Na gode.

Akwatin robar ya yi aiki tun gwajin farko, ba wata matsala. Ta kai masa tana murmushi, ta ɗora a cinyarsa, ta danna shuɗin maɓalli. Muryarta ta fito tsaf tana neman ruwa. Albert ya saurara, ya dubi akwatin, ya tura shi gefe da bayan hannu.

Ranta ya sosu, amma ba ta ɗauka aikin ne bai yi ba. Ta zaci maɓallan sun yi masa tauri, ta canja masu laushi. Bai taɓa ba. Ta zaci ƙarar ta yi yawa, ta sa abin ragewa. Ya bar shi a kan tebur har ƙura ta hau. In yana son ruwa sai ya nuna randa da hannu kamar yadda yake yi tun farko.

Goni ne ya warware mata, kuma ba da niyya ba. Wata la'asar shirun ya ishe shi, sai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in ya ga za a cinye shi: ya miƙa hannu kamar zai kori ƙuda, ya zame ɗan dara guda zuwa wani rami. Albert ya gani. Fuskarsa ta canja, ya buɗe baki, "to" ta fito, ya sake, "to" ta sake fitowa. Sai ya jawo akwatin da ya ƙi taɓawa ya hau dannawa. Ina son ruwa. Zan kwanta. Ina jin ciwo. Ya bi maɓallan nan kaf yana neman abin da babu. Daga ƙarshe ya tsaya a kan guda ya yi ta dannawa, muryar matarsa tana ta cewa a'a, a'a, a'a, cikin ladabi da taushi, shi kuwa jijiyar wuyansa ta tashi.

Biriskila tana tsaye a bakin ƙofa da farantin gyaɗa, ta ga komai. Goni ya mayar da ɗan darar inda ya ɗauko shi, ya juyo gare ta.

"Malama, kin yi aiki, ba a magana. Amma bakin majinyaci kika ba shi. Mutumin nan tun da na san shi ban taɓa jin ya roƙi ruwa ba. Zagina yake son yi."

Ta ajiye farantin, ta jawo kujera ta zauna gaban mijinta.

"Baban Comfort, haka ne?"

Albert ya buga tebur da tafin hannu sau ɗaya, da ƙarfi.

"To ai wannan mai sauƙi ne," in ji ta. "Memori ce, a goge a sake."

Daga ranar suka kama wani aiki su uku. Ita da Goni su riƙa tuno maganganun Albert, suna faɗa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya buga tebur in ya yarda, ya kau da kai in bai yarda ba. Kai, ƙarya kake yi. Mayar da ɗan nan inda ka ɗauko shi. Na ci ka. Ina gajiya, ya mutanen gida? Zo nan, ɗan wane ne kai? Miyar nan ba gishiri. Wannan ta ƙarshe Biriskila ta ce ba za ta sa ba, don miyarta ba ta taɓa rasa gishiri ba, ya yi ta buga tebur har ta sallama. Da suka zo kan yadda zai kira ta, ta ce a sa "Malama." Ya kau da kai. Ta ce "Maman Comfort." Ya kau da kai. Ta dubi Goni, ta ce ya ɗan fita ya sha iska. Akwai sunan da Albert yake kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa, in ba kowa a wurin. Ya yanke sunanta ya bar rabin farko, Biri, kuma duk duniya ba wanda ya isa ya kira ta haka sai shi. Ta faɗa a hankali. Ya buga tebur.

Saura murya. Tata ba za ta yi ba, wannan ta gane. Goni ya ce a naɗi tasa, Biriskila ta tambaye shi ko yana son ya riƙa jin kansa yana ƙaryata kansa kullum la'asar, ya ce a bar maganar. Sai ta tuna da Harrison, ƙanin Albert da yake noma a wajen Zariya. Tun suna samari in ɗaya ya yi sallama daga waje ba a gane wanne ne sai ya shigo. Ta kira shi a waya, ya ce yana gama girbin masara zai zo, ya kuwa zo.

Gwajin farko a gida suka yi, bai yi kyau ba. Janaretan maƙwabta ya shiga, kukan kaji ya shiga, bangon ɗakin kuma yana maido da murya kamar a cikin rijiya. Biriskila ta karanta cewa ana son wuri mai kaya masu laushi da za su shanye amo. Goni yana jin haka ya ce ai sitonsa a Singa buhu ne tun daga ƙasa har rufi.

"Kasuwar da ba a jin maganar na kusa?" in ji Biriskila.

"Ranar Juma'a ki zo," in ji Goni. "In an tafi masallaci, ko allura ta faɗi za ki ji."

Haka aka yi. Ranar Juma'a suka ɗauki Albert a a daidaita sahu, karo na farko da ya fita ba don asibiti ba. Goni ya buɗe musu sito, ya danƙa wa Biriskila mukulli, ya saɓa darduma ya bi jama'a. Manyan motoci suka kashe inji, 'yan dako suka watse, kasuwa ta yi tsit. Suka zaunar da Albert a kan buhun shinkafa, Harrison ya tsaya tsakanin jerin buhunan fulawa, Biriskila ta riƙe waya kusa da bakinsa.

Harrison mutum ne mai kunya, ba irin wansa ba. Ya faɗi "Kai, ƙarya kake yi" kamar mai karanta sanarwa a coci. Albert ya kau da kai. Ya sake, ya ɗaga murya kamar mai faɗa. Albert ya kau da kai.

"Ba faɗa ba ne," in ji Biriskila. "Da dariya a ƙarƙashi. Ka ja 'kai' ɗin, ka saki sauran da sauri. Ka tuna lokacin da ka ce masa ka kashe maciji a gona, alhali igiya ce."

Harrison ya yi dariya, ya dubi wansa, ya faɗa yadda aka faɗa masa a wancan lokacin. Da idon Biriskila a rufe yake da ta rantse mijinta ne. Albert ya daki buhun da yake kai har ƙurar shinkafa ta tashi. Daga nan bakin Harrison ya buɗe, suka bi sauran da sauri. Da suka zo kan sunan nan ya tsaya ya ce, "Malama, wannan fa ba zan iya ba, ke matar yayana ce." Biriskila ta ce masa aro ne aka yi na bakinsa, ya faɗa kawai ya manta. Ya faɗa yana kallon rufi. Suna gamawa aka fara jin hayaniyar masu dawowa daga masallaci.

Yanzu maganganun sun fi maɓallan yawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta son akwatin ya zama tire. Ta yi kwanaki tana juya abin, sai idonta ya faɗa kan abin murɗa gudun fanka na bango. Ta ciro irinsa daga tarkacenta ta haɗa da allon, ta gyara umarnin. In an murɗa shi wuri na farko, maɓallan na maganar cikin gida ne. Na biyu na dara, na uku na gaisuwar ƙofar gida, na huɗu na coci. Ta bar robar abinci, ta sa kafinta ya yi mata ɗan akwatin katako mai santsi. Sifikar ta fara wani gurnani da ba ta san dalilinsa ba, ta ɗauki akwatin ta kai wa Chinenye, suka buɗe shi a kan kanta suna bin wayoyi, har suka gano wutar da take shiga ce ba ta da tsabta. Chinenye ta ba ta wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ta ce ta liƙa a bakin hanyar wutar. Gurnani ya ɗauke.

La'asar ɗin da aka fara amfani da shi, Goni bai ko jira wasa ya yi nisa ba ya kori ƙudansa. Yatsan Albert ya sauka a kan jan maɓalli.

"Kai, ƙarya kake yi."

Goni ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ni ne maƙaryaci? Kai da ka shekara talatin kana cewa jirgi zai iso yanzu?"

"Mayar da ɗan nan inda ka ɗauko shi."

Ranar sai da ladan ya kira magariba Goni ya tashi. Bayan mako guda kujera ta koma ƙofar gida. Masu wucewa suka fara tsorata da jin muryar, daga baya suka saba, har wasu suna zagayowa ta layin don a tsokane su.

Lahadin da ya fara komawa coci kuwa an yi abin da har yanzu ake labarinsa a Zumuntar Mata ta cocin. An tashi daga sujada, Fasto ya zo ya riƙe hannunsa a gaban jama'a ya ce, "Baba, mun yi kewarka ƙwarai, kullum kana cikin addu'armu." Albert ya danna maɓalli. Abin murɗawa yana kan dara, ba a mayar da shi kan coci ba.

"Kai, ƙarya kake yi."

Sai kafaɗun Albert suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa da rabin bakin da yake motsi, irin wadda ba a ji ba tun kafin ciwon. Fasto ma ya fashe da dariya, ya ce lallai Baba ya warke. Biriskila ta ba da haƙuri, ta koma gida ta ƙara wa akwatin 'yan fitilu masu launi da suke nuna inda aka murɗa. Ta tambayi mijinta ko da gangan ya yi. Ya murɗa zuwa maganar gida ya ce mata miyar nan ba gishiri.

Tunda ita ma kyauta ta samu abin da ta fara da shi, sai ta ce a mayar. Chinenye ta taya ta ɗaukar hotunan cikin akwatin, suka zuba zanen wayoyin da umarnin a intanet, Biriskila ta rubuta bayani da Hausa da Turanci, dalla-dalla kamar tana gaban aji. A sama ta rubuta cewa kafin mutum ya sayi ko waya guda, ya fara zama da mai ciwon ya san irin maganar da yake yi da yana da lafiya. Ba a daɗe ba wani mutum daga wata ƙasa, wanda ba ta san ko fuskarsa ba, ya aiko da gyara a umarnin, yadda allon zai yi barci in ba a danna komai ba. Ta gwada, batir da yake mutuwa kafin yamma ya koma yin kwanaki. Ta rubuta masa godiya, ta kuma nuna masa wani wuri da gyaran nasa yake sa maɓallin farko ya makara, ya gyara.

Ta bakin Goni labari ya shiga Fagge. Wata rana wani tela daga Rijiyar Lemo mai suna Malam Abdulƙahhar ya yi sallama a ƙofar gida. Mahaifiyarsa irin ciwon ne ya same ta, ya zo ya tambaya ko Malama za ta sayar masa da akwati ɗaya.

"Ba na sayarwa, kuma na Baba ba zai yi wa Inna ba," in ji Biriskila. "Ka sayo kayan a wurin Chinenye, zan rubuta maka sunayensu. Ka kai ni in zauna da ita. Sannan kai za ka riƙe ƙarfen dalma, don in ya lalace ba kullum zan zo ba."

"Malama, ni allura na sani."

"Wanda yake zura zare a allura ba zai kasa wannan ba. Hannunka ya fi nawa tsayuwa."

Ta je ta wuni a ɗakin Inna, 'ya'ya da surukai suna tuno mata maganganun tsohuwar, ita tana matse hannun Biriskila in an dace. Na Inna ya fito daban: salati, sa albarka, kiran jikoki da sunayen da ta laƙa musu, da kuma "wa ya taɓa min goro?" Ƙanwar Inna ce ta ba da murya. Abdulƙahhar ya haɗa akwatin a teburin Biriskila, tana tsaye a kansa tana sa shi warware duk liƙin da bai yi ƙyalli ba. Da ya gama ya ɗinka wa akwatin riga ta yadi mai kauri, ya ɗinka wa na Albert ma. Na uku da aka nema, daga wani gida a bayan tasha, Abdulƙahhar ne ya haɗa, shi kaɗai, sau ɗaya ya kira ta a waya.

Albert bai warke duka ba, hannun dama bai dawo ba. Amma mai yi masa gashin ƙashi a asibiti ta lura da wani abu: in akwatin ya faɗi magana, leɓunansa suna bi. Ta ce a ƙarfafa masa. Yanzu akwai kalmomin da yake fitarwa da bakinsa, a hankali, da nauyi. Yana iya cewa "sannu," yana iya kiran Comfort, yana iya cewa "amin" a wurin da ya dace. Sauran yana barin wa akwatin, kuma in ya gaji ba ya jin kunyar komawa gare shi.

Da ƙafarsa ta ƙara ƙarfi ya fara takawa da sanda har bakin titi, sai wata matsala ta fito. Hannu ɗaya gare shi, sanda ta cinye shi, akwatin kuma ba ya ɗaukuwa. Wannan ne aikin da yake kan teburin Biriskila a yanzu: ƙarami wanda za a ɗaure a jikin sandar, maɓallan a daidai inda yatsu suke kamawa. Ta samo allo mai girman babban yatsa, ta haɗa na gwaji, ya yi magana, amma a bakin titi ƙarar babura tana danne shi. Ta ce laifin sifika ne, ta yi ƙanƙanta. Chinenye ta ce akwai wata iri da ake cirewa daga tsofaffin wayoyi masu ƙarar tsiya, za ta tara mata ta zaɓa. Biriskila ta riga ta auna sandar, ta kuma sa kafinta ya fara fafe mata gurbin batir.